Gilashin ƙara girma mai ninki 10: abin da ya nuna mini a jikin tsofaffin kwabbai

Wata huɗu ke nan ina amfani da wani ƙaramin gilashin ƙara girma, irin wanda masu sayar da zinariya suke rataye wa a wuya, wajen duba tsofaffin kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Turawa da na gada a cikin wani gwangwani, wato anini da ɗari da kobo mai huji da 'yan sulalla. Gilashin yana ninka girman abu sau 10, an haɗa shi da ruwan tabarau uku a manne, kuma wannan haɗin ne ya sa rubutun da ke gefen kwabo ba ya lanƙwashewa ko ya yi bakan gizo kamar yadda na saba gani a masu araha.

Babban amfaninsa shi ne raba kuskuren da aka yi a gidan buga kuɗi da raunin da kwabo ya samu a hannun jama'a, domin na farkon yana iya ƙara masa daraja, na biyun kuwa rage ta yake yi. A jikin wani kobo na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas na daɗe ina ganin wani siririn layi kusa da tauraron nan mai tsini shida, ina ɗauka ƙarzuwa ce. Da na karkata shi a ƙarƙashin gilashin sai na ga layin a tashe yake, ya ɗago sama da fuskar kwabon, alamar hatimin da aka buga shi da shi ne ya tsage, ƙarfe ya shiga tsagar. Ƙarzuwa kuwa rami take yi, ta ture ƙarfe zuwa gefe, kuma cikinta ya fi sauran jiki haske. Haka nan na iya karanta ƙananan haruffan da ke nuna maƙerar da ta yi aikin, H na kamfanin Heaton da KN na King's Norton, dukansu a Birmingham ta Ingila, waɗanda ido kawai ba ya rabe su idan kwabo ya sha hannu.

Gilashin ya kuma tona mini asirin abin da ban so gani ba. Sulallan da suka fi ƙyalli a gwangwanin duk an taɓa goge su, da toka ko da yashi, ga ɗaruruwan ƙananan zane nan sun bi hanya ɗaya, kuma masu tara irin waɗannan kuɗi sun fi son kwabo da duhunsa na tsufa a kan wanda aka cuɗe. Wani sule ma har da tabon dalma a bayansa, da alama an taɓa yin abin ado da shi.

Inda ban gamsu ba shi ne fitilar da aka maƙala masa, wadda haskenta fari ne ƙal, yana dukan ƙarfe ya dawo cikin ido har ya ɓoye zanen da ake nema. Na daina kunna ta, na koma zama kusa da taga da hantsi. Sai an kawo kwabo kusan faɗin yatsu biyu daga gilashin kafin ya fito sosai, kuma ba a ganin fuskarsa gaba ɗaya a lokaci guda, saboda haka kuskure babba kamar hujin da ya kauce daga tsakiya ido ne ya fi saurin kama shi. Gilashin ba ya gane jabu shi kaɗai, dole a haɗa da ƙaramin sikeli mai auna giram. Ga mai gwangwani irin nawa ya cancanci kuɗinsa, kuma na fifita shi a kan waɗanda ake rubuta wa ninki 30 ko 60, waɗanda hannu ya ɗan motsa kaɗan hoton ya ɓace.