Sakamakon gwajin jaririna ya yi makonni a cikin fayil

Ina ɗauke da cutar ƙanjamau, kuma a wani asibiti nan Jos na yi awo har na haihu. Maganar magani ba ni da ƙorafi, kyauta ne, ban taɓa zuwa an ce ya ƙare ba. Tun ranar haihuwa aka ɗora yarona a kan ruwan Nevirapine, maganin kare jariri daga kamuwa da cutar. Da ya cika sati 6 suka huda masa diddige, suka ɗiɗɗiga jinin a kan wani kati, suka ƙara masa Septrin, maganin kare shi daga wasu cututtuka. Sista ta yi mini bayani tiryan-tiryan: gwajin nan na take da ake yi wa manya ba abin dogaro ba ne ga jariri sai ya kai wata 18, don garkuwar uwa ce ke yawo a jininsa. Shi ya sa ake aika katin ɗakin gwaji a nemo ƙwayar cutar kanta. Ta ce, "Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, za mu kira ki."

Shiru kake ji. In na biya kuɗin Keke daga Anguwar Rogo na je, sai a ce sakamakon bai dawo ba, ko fayil ba a buɗawa. Ga hunturun Jos, yaro na tari, farin abu ya rufe masa harshe, nono ma da kuka yake kamawa. Wata baiwar Allah mai ba iyaye shawara, ita ma mai ɗauke da cutar, ita ce ta tsaya ta bincika. Takardar na ciki, kwanan watan da ke jikinta ya nuna ta yi makonni da isowa. Yarona yana da cutar. Wai sun kira layina bai shiga ba. To adireshin da na bayar fa?

Likitan dai, Allah ya saka masa. A ranar ya sake ɗibar jini don tabbatarwa, bai jira sakamako ba ya fara masa magani, har da Dolutegravir na yara, ƙwaya mai narkewa a ɗan ruwa. Yanzu Alhamdulillahi yana ƙiba.

Amma likitan da bakinsa ya ce in ba magani, kusan rabin jariran da suka kamu ba sa kai shekara 2, kuma wata na 2 zuwa na 3 ya fi haɗari. Daidai lokacin da takardar ɗana ke kwance kenan. Har yau ina karɓar magani a can, amma teburin nan na masu fayil ban yafe masa ba.