Sharhin fim ɗin Dunkirk: hancin jirgi rawaya da sojojin da aka manta

Fim ɗin Dunkirk na Christopher Nolan ya fito a 2017, tsawonsa minti 106, kuma ba ya wuyar samu wurin masu turi a nan Kaduna. Na kalle shi a waya, na sake kallo a talabijin mai lasifika. Kada a ɓata shi a waya. Magana kaɗan ce a ciki, rugugin inji da ƙarar agogo su ke jan labarin.

Daga 26 ga Mayu zuwa 4 ga Yuni 1940 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kwashe sojojin Ingila da na ƙawayenta fiye da 338,000 daga garin Dunkirk da ke gaɓar Faransa zuwa Ingila, Jamusawa sun yi musu ƙawanya. Fim ɗin ya raba wannan gida uku: mako guda a bakin teku, yini guda a kwalekwale, awa guda a sama.

A saman ne ya fi burge ni. Ma'aunin man matuƙin Spitfire, jirgin yaƙin Ingila, ya fashe, sai ya koma rubuta abin da ya rage da alli a gabansa yana duba agogo. Haka lamarin yake: tankin galan 85 ne kawai, zuwa da dawowa sun cinye kaso mai yawa. Ko da ya zo sauka, da hannu ya riƙa buga famfo kafin tayoyi su fito, kuma jiragen farko na wannan samfurin suna da wannan famfon. Duk wanda ya taɓa zama da 'yan sojan sama na Mando zai ji daɗin wurin nan.

Sai gishirin da aka ƙara. Spitfire na 1940 bindiga takwas gare shi, kowace da harsashi 300, wato wutar daƙiƙa 15 ko kusa da haka. A fim kuwa harsashin ya ƙi ƙarewa. Jiragen Jamus an shafa musu rawaya a hanci, alhali sai bayan Dunkirk aka fara wannan fenti, kuma ma ƙirar Sifen ce aka ara. A ƙarshe, da wuta ta ci Spitfire ɗin a kan yashi, a lura da kyau: farfela na rataye a jikin sanda, babu inji. Duk wannan na yafe. Mai kallo na buƙatar ya bambance abokin gaba cikin ƙiftawar ido, kuma fenti bai sauya wanda ya yi nasara ba.

Abin da ban yafe ba shi ne mutanen. Fim ɗin ya ɗora ceton a kan ƙananan kwalekwalen farar hula, da kiɗa mai sa hawaye. Sun taimaka, babu musu, amma kusan mutum 240,000 ta tashar jiragen ruwa aka ɗebe su, mafi yawa daga doguwar katangar gabas da ta miƙa cikin teku zuwa cikin manyan jirage. Waɗanda aka ɗauka daga yashi ba su kai 100,000 ba. Faransawa sun haura 100,000 cikin waɗanda aka ceto, wasu dubun-dubata suka tsaya tare hanya har aka kama su, amma a fim kamar 'yan rakiya ne. Sojojin Indiya masu kula da alfadarai, Musulmi 'yan ɗaruruwa, suna wurin. Ko fuska ɗaya ba a nuna ba.

Wannan ya kamata ya sosa ran ɗan Arewa. Kakanninmu sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, ƙarƙashin tutar Ingila ɗin nan, kuma irin wannan tsallaken ne ya sa jikokinsu da yawa ba su san sun je ba.

Malamin tarihi zai iya nuna wa ɗalibai fim ɗin, sharaɗin ya rubuta waɗannan alƙaluma a allo tukuna, ya kuma shaida musu cewa garin na gaske ya ƙone ƙurmus, yashin kuma cike yake da motoci da manyan bindigogin da aka watsar.