Shagon kayan faiba a Sana'iya, Jidda

Salam 'yan uwa, nace sai nazo na yaba wani dan shago a Sana'iya, unguwar masana'antu da gareji, nan Jidda. Tsohon karafan (dakin nan mai taya da mota ke ja) na faiba, wato fibreglass, na saya a Haraj, kasuwar kayan hannu, rufin ya tsatstsage, katakon kasa duk ya rube, nace da hannuna zan gyara abina don mu rika fita Ta'if da yara.

Dattijon dake shagon Allah ya saka masa da alheri, ba wai ya miko min resin da tabarmar faiba kawai ba, zaunar dani yayi yace Alhaji kada hadina, wato ruwan dake daskarar da resin, ta wuce kashi 2 cikin 100 na resin din, kuma ka kwaba kadan kadan bayan asuba don zafin Jidda nan da nan zai daskarar maka da shi a roba, ka fara goge tsagar da samfefa lamba 80 sannan ka wanke da asiton. Haka nayi wallahi, facin ya kama gam, na watsa ruwa da tiyo ko digo babu.

Abu daya, bashi da takunkumin hanci mai kyau, sai da naje wani wajen, kuma kurar faiba akwai kaikayi sosai. Fentin jelkot, wanda ake shafawa a saman faiba, shi ne ya rage, gunsa zan koma insha Allah.