Kafin ki saya wa yara kunkuru: mai rai, na roba, ko na ƙoƙo da yumɓu?

Assalamu alaikum iyaye mata da 'yan uwana malaman nazare. Tun da aka ji yaran ajina sun yi sati guda cur suna darasin kunkuru ake ta tambayata wai me za a saya, a ina ake samu, wata ma cewa ta yi in haɗa ta da mai sayar da mai rai, toh gara in faɗa gaba ɗaya kowa ya huta, don ni kusan duk na gwada su kuma akwai wanda na gwada na yi da-na-sani.

Na roba da ake sayarwa a shagon kayan wasa ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba, minti biyar yaro zai juya shi ya wurgar, kuma rabinsu ma ba kunkuru ba ne, kififiya ce mai ƙafa kamar filafili aka shafa mata kore shar, sai yaro ya tashi da tunanin kunkuru a ruwa yake kwana. Littafin hotuna da bidiyon waya suna da amfaninsu amma kallo ne kawai, hannun yaro bai taɓa komai ba. Na kwali da gam kuwa kwana biyu ya lotse, in damina ce ma ba ya kai hakan.

Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne ƙoƙo da yumɓu, kuma wallahi ban ga na biyunsa ba. Ki je wajen masu ƙwarya a kasuwa ki ce ƙananan ƙoƙuna kike so irin na shan koko ko ma waɗanda ba su kai su ba, wanda tafin hannun yaro zai rufe bayansa, kowane yaro ɗaya. Yumɓu kuma wajen mata magina tukwane za ki nema, ki ce kwaɓaɓɓe kike so wanda suka riga suka tankaɗe suka cuɗa, kuɗin duka biyun na aji guda bai kai na kunkurun roba uku ba a lokacin da na saya. Ƙoƙon shi ne ƙoƙon bayan kunkuru, kin ga ma sunan ya zo ɗaya, yumɓun kuma shi ne kai da wuya da ƙafafu huɗu da ɗan guntun bindi. Yaro zai mulmula, ya kifa ƙoƙon a kai, ya tura kan ciki ya jawo shi waje, nan take ya gane abin da ake nufi da kunkuru ya shige gidansa ba sai kin yi ta surutu ba.

Inda abin ya fi yi min daɗi wajen zanen baya ne. Bayan kunkuru ba zane ne na ga-ni-nan ba, a yawancinsu akwai manyan gidaje 5 a jere a tsakiya, 4 a dama, 4 a hagu, 13 kenan, sai ƙanana da suka zagaye gefe. Na ba su gawayi da alli nace kowa ya zana ya ƙirga, yaran da kullum a goma suke cijewa sai ga su suna ihun sha uku. Akwai wani ɗan shekara huɗu da ba ya magana a aji sam, ranar ya kifa ƙoƙonsa ya sa kunne a kai ya yi shiru can ya ɗago ya ce "Malama barci yake, kar a taɓa", har aka tashi bai yarda kowa ya matso kusa da tabarmarsa ba. Washegari muka zuba yashi a faranti suka haƙa rami suka binne ƙwai na yumɓu, don kunkuru a ƙasa yake haƙa ya yi ƙwai ya rufe ya kama gabansa, ba ya kwanci irin na kaza, zafin ƙasa ne ke ƙyanƙyashewa. Rana ta uku abinci, kowa ya tsinko ciyawa da ganye ya ajiye a gaban nasa, nan na faɗa musu ba shi da haƙori ko ɗaya, bakinsa mai kaifi ne kamar na tsuntsu da shi yake yanka. Wata ta tambaye ni toh da me yake cin tuwo. A ƙarshen sati muka yi karin maganar nan, kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, kowa ya ɗaga nasa yana neman yatsan.

Aibin yumɓun ɗaya ne zuwa biyu, kaya za su ɓaci don haka a sa musu tsofaffi, sannan in kika shanya a rana tsagewa zai yi, a inuwa ake barinsa kwana biyu ko uku. In babu magina kusa da ku ki kwaɓa fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, ruwa kusan kofi 1, yana yi, sai dai ki sa ido don gishirin ya yi yawa ga yaron da zai kai baki, kuma kaji da awaki ba sa barinsa.

Yanzu mai rai, wanda shi ne kowa ke ɗoki, kuma shi ne ya ƙona ni. Shekarun baya autana ya ga wani mutum a bakin titi da bokiti, 'yan kunkuru a ciki suna hawan juna kowanne bai fi murfin kofi ba, yaro ya kafe da kuka. Nace Malam wannan girma yake yi? Ya ce "Haba Hajiya, wannan ai ɗan ƙaramin iri ne, haka zai tsaya, ko ruwa ba ya sha, ki jefa masa ɓawon kankana kawai." Duk ƙarya. Na biya na kawo gida, ashe ma akwai wata 'yar huda a gefen bayansa da aka toshe da ƙasa, inda aka taɓa zura waya aka ɗaure shi. Sati uku idonsa a kumbure, ya daina ci, ya mutu a bayan randa, ni da yaro muka sha kuka, kuma a tsakanin nan autan ya yi gudawa da zazzaɓi sai da muka kwana asibiti. Ba zan rantse kunkurun ne ya jawo ba amma likitan da ya ji akwai shi a gida kuma yaro na ɗaukarsa yana sumbata sai da ya yi min faɗa sosai.

Daga baya ne na gane abubuwan da mai bokiti ba zai taɓa faɗa miki ba. Kunkuru da kififiya da ƙadangaru suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinsu da jikinsu alhali su lafiyarsu ƙalau, ita ce ke sa gudawa da amai da zazzaɓi, kuma ƙananan yara ta fi kayarwa. A Amurka tun 1975 aka hana sayar da ƙananan da bayansu bai kai inci 4 ba saboda yara na sa su a baki, hukumar lafiyarsu ma cewa take gidan da akwai yaro ƙasa da shekara 5 kar a ajiye irin waɗannan dabbobin. Ke kuma aji guda na 'yan shekara uku da huɗu za ki miƙa wa, masu tsotsar yatsa.

Maganar "ba ya girma" kuwa, babban kunkurun nan namu na Sahel mai ruwan ƙasa-ƙasa, wanda ake samu tun daga Senegal, Mali, Nijar, Chadi har Sudan, shi ne na uku a girma a duk kunkurun tudu na duniya, na tsibiran Galapagos da na Aldabra ne kawai suka fi shi. Yana jariri zai zauna a tafin hannunki, amma namijin yana wuce kilo 50, yana iya haura shekara 70, ga haƙar rami mai zurfi don gudun zafi, sai ki wayi gari ya yi miki rami a gindin katanga. Irinsa ne Alagba, kunkurun nan da ya mutu a 2019 a fadar Soun, wato sarkin Ogbomoso, wanda aka ce ya shekara 344, duk da masana sun ce da kamar wuya. Wato ba kayan darasin sati ɗaya kika saya ba, abin da za ki bar wa jikoki gado ne. Kuma yana cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu, kamun da ake yi a daji ana kawowa kasuwa na cikin dalilan, duk wanda kika saya gobe mai bokiti zai koma ya kamo wani.

Sai hudar nan da fenti. Mutane na ɗauka ƙoƙon bayansa kamar kwano ne aka kifa masa, a'a, ƙashinsa ne, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe, akwai jini akwai jijiya, yana jin taɓi yana jin zafi. Duk wanda kika ga an huda ko an shafa masa fenti mai ƙyalli don ya burge yara ki sani wahalalle ne. Wasu har man gyaɗa suke goga masa ya yi sheƙi a ce lafiyayye ne. Wasu kuma kififiya za su ba ki a matsayin kunkuru, ki kai gida ki ajiye a busasshen tsakar gida tana ta wahala, ki duba ƙafa, ta kunkuru dunƙulalliya ce kamar ta giwa, ta kififiya kuma shimfiɗaɗɗiya mai fata tsakanin yatsu. In dai so kike su ga mai rai da idonsu ki kai su gidan zoo, irin na Audu Bako da ke Kano ko wanda ya fi kusa da ku, amma a fara tambaya ko akwai shi a lokacin kar a sha kuɗin mota a banza, a kalla daga nesa, a wanke hannu da sabulu kafin a buɗe kular abinci.

Har a kayan kwaɓin ma akwai cuta, kar ku ce ban faɗa ba. Roban mulmulawa mai kala-kala na kanti na taɓa sayen wani a gwangwani mai sunan babban kamfani, ina buɗewa warin kananzir ya buge ni, ya rina hannun yara ja har kwana biyu, ashe tsohon gwangwani aka samu aka ɗura wani abu. Ki buɗe a gaban mai shago ki shinshina, ki murza a farin ƙyalle, in ya ƙi a buɗe ki ajiye masa kayansa. Ƙoƙo kuma ki ɗaga shi saitin rana, in kin ga haske na ɓullowa ta 'yan ƙofofi ƙwaro ya ci, wasu farar ƙasa suke shafawa su rufe, ki ƙwanƙwasa da farce, mai tsaga ƙararsa daban take. In sabo ne ki jiƙa ki kankare cikin don ɗacinsa, ki goge bakin da yashi ko dutse kar ya yanki hannu. Yumɓu kar ki yarda da wanda yaran unguwa za su ɗebo miki a bakin kududdufi don araha, ni da hannuna na tsinci fasasshen kwalba a irinsa. Fentin mai na bango ko na ƙofa kuma kar ya zo kusa, gawayi da alli da jar ƙasa sun isa, in kina son ruwan ƙasa-ƙasan nan na asali ki kwaɓa lalle ki ba su su shafa da tsinke, ya kwana a wanke.