Gutsuren dutsen wata da na saya ta intanet

Kayan ya iso cikin ɗan akwatin roba mai murfin gilashi, an kwantar da gutsuren a kan farar auduga, girmansa kuwa bai wuce kan ashana ba. Launinsa toka-toka ne mai ɗigon fari, kuma ɗigon ba ya fitowa sosai sai an sa gilashin ƙara girma. Hoton da ke cikin tallar ya sa na zaci abin zai kai tsakuwa, wannan kuwa aibi ne da ya kamata a faɗa, ko da yake mai sayarwar ya rubuta nauyin a can ƙasa da ƙananan haruffa.

Bai ce daga kayan Apollo aka gutsuro shi ba, da ya faɗi haka ma da ban saya ba, domin kilo 382 da 'yan sama jannatin Amurka suka kwaso daga wata a tafiye-tafiye shida na shirin Apollo tsakanin 1969 da 1972 mallakar gwamnati ne, ba na kasuwa ba. Wannan yana cikin duwatsun da karo ya ɓalle daga jikin wata har suka faɗo duniya, kuma yawancin na kasuwa daga hamadar Sahara ake tsinto su, shi ya sa sunayensu kan fara da NWA, wato Arewa maso Yammacin Afirka a taƙaice da Turanci.

An haɗo mini da takardar shaida mai hatimi, amma ban ɗauke ta a bakin komai ba, tunda mai sayarwar ne ya buga abarsa. Gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam ya daɗe yana adana wani dutse daga kayan tsohon Firaministan Holan Willem Drees, wanda aka ce jakadan Amurka ne ya ba shi a 1969 lokacin ziyarar 'yan sama jannatin Apollo 11, sai gwajin da aka yi a 2009 ya nuna cewa itace ne da ya rikiɗe ya zama dutse. Masu cewa ba a taɓa sauka a wata ba sun riƙe labarin a matsayin hujja, sai dai ni akasin haka na gani a cikinsa: da zarar masana duwatsu suka duba, jabun bai ɓuya ba, alhali samfuran Apollo sun shafe fiye da shekara hamsin ana bincikarsu a ƙasashe daban-daban, har an kwatanta su da kimanin giram 300 da kumbunan Luna na Tarayyar Sobiyet suka kawo. Wani dutse da aka tsinta a Antaktika a 1982 ma, da samfuran Apollo aka gwada shi kafin a tabbatar daga wata yake.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne lambar dutsen, wadda na samu a rajistar Meteoritical Society, ƙungiyar masana duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya, tare da nauyinsa da sakamakon gwajinsa. Rajistar dai tana shaidar babban dutsen ne kawai, ba ta rantse cewa ɗan abin da ke hannuna daga jikinsa ya fito ba. Da na tambayi mai sayarwar, ya turo hoton yankin da ya gutsura daga gare shi ba tare da ɓata lokaci ba, na kuma yaba masa wannan. Murfin akwatin ne ba ya kamawa da kyau, sai da na liƙe gefensa don kada gutsuren ya zame ya ɓace.