Metir ɗin tela wajen awon ƙashin dinozor: ya yi ko bai yi ba?

Metir ɗin tela na roba, mai santimita 150, wanda ake sayarwa a shagunan kayan ɗinki na babbar kasuwar Maraɗi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ga malamin kimiyya ko ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke son koyon yadda ake ƙiyasta nauyin dinozor (dabbar zamanin da, wadda ta ƙare tun shekaru miliyoyi) mai dogon wuya, irin Jobaria da aka tono a yankin Agadas aka raɗa wa suna a 1999, wannan metir ya fi na ƙarfe amfani nesa ba kusa ba. Amma sai an san halinsa.

Dalilin fifikon shi ne, kauri ake aunawa. Ƙafa ce ke ɗauke da jiki, saboda haka kewayen ƙashin damtse da na cinya su ne ke nuna nauyin dabba mai ƙafa huɗu. Ana zagaya metir a tsakiyar ƙashin, ana ɗan matsawa sama da ƙasa har a samu inda ya fi siranta, a rubuta a milimita. A haɗa na damtse da na cinya. Lissafin da masana biyu, Campione da Evans, suka fitar a 2012 ya ce a ɗaga jimillar zuwa ƙarfin 2.749, a ninka da 0.0787, amsar ta fito a giram. Kalkuletar waya mai maɓallin xʸ ta isa. Dreadnoughtus, wani dinozor mai dogon wuya na ƙasar Ajantina, damtsensa milimita 785 ne, cinyarsa 910, jimilla 1,695, nauyi ya kama tan 59. Metir na ƙarfe ba ya kwanciya a jikin ƙashi, lanƙwashewa yake yi ya bar giɓi. Na tela kuwa lafewa yake.

Babban aibinsa miƙewa. Robar da ta sha zafin watan Afrilu a cikin aljihu ko kan babur takan saki, kuma metir da ya miƙe ƙarya yake yi ta ƙasa, ya nuna ƙashin bai kai kaurinsa ba. A ɗinki ba a jin kuskuren kashi 2 cikin 100. A nan kuwa ƙarfin 2.749 yana mayar da shi kusan kashi 6, wato fiye da tan 3 a jikin Dreadnoughtus. Don haka tun a shago a shimfiɗa shi kusa da rula ta ƙarfe, a duba ko santimita 100 ɗinsu ta zo daidai. A dubi ɗan ƙarfen da ke bakinsa ma, domin a wasu yakan cinye milimita 2 ko 3 na farko. Maganin wannan shi ne a fara awo daga alamar 10, a cire 10 daga baya.

Faɗinsa ma matsala ne. Ƙashi yana da ƙugu, ya tsuke a tsakiya ya buɗe ta gefe biyu, sai metir mai faɗi ya hau kan gangaren ya ƙara awo. A zaɓi mafi siriri. Sannan a juya bayansa: wasu na ƙasar Sin ba inci ke baya ba, wani awo ne nasu mai santimita 3.3. A manta da bayan gaba ɗaya.

Ba sai an je Gadufawa, inda ake tono ƙashin dinozor a yankin Agadas, ko gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ba kafin a gwada. A karɓo damtse da cinyar saniya ɗaya a wurin mahauta, a dafa, a kankare nama da jijiya tas, a bari su bushe. Idan kowanne ya ba da milimita 130, jimilla 260, lissafi zai ce kilo 343. Idan aka bar sauran nama ya ƙara santimita 1 kacal a jimillar, amsar ta kai kilo 380.

Wajen tsawo bai isa ba. Cinyar Patagotitan, wani dinozor mai dogon wuya, mita 2.38 ce, sai na ƙarfe.

Akwai kuma abin da ba laifin metir ba ne. Ƙashin da ƙasa ta danne shekaru miliyoyi yakan baje, tsagarsa ta cika da yashi ta kumbura shi, wani kuma an cike gurbinsa da filasta. Shi kansa lissafin yana da kuskuren da ya kai kusan kashi 25 cikin 100 sama ko ƙasa, kuma an gina shi ne a kan dabbobi masu rai waɗanda mafi girmansu giwa ce. Da wasu masana suka sake auna Dreadnoughtus a 2015 ta hanyar gina siffar jikinsa a kwamfuta, abin da suka samu bai kai tan 40 ba.

Shawararmu a saye shi, guda biyu ma, a ajiye su a inuwa a naɗe sako-sako. Ranar da suka saɓa wa juna, a koma kan rula, a ba tela wanda ya miƙe.