Akwatin ƙwallayen haɗa siffar sinadarai: ya taimaka wajen koyar da matsi, amma da gyara

Akwatin ƙwallayen roba da 'yan sandunan haɗi da na saya a wani shagon kayan gwaje-gwaje kusa da Ƙofar Ƙaura an yi shi ne domin darasin kemistiri, amma ni na saye shi don in nuna wa ɗalibaina na fiziks a nan Katsina yadda matsi kan saƙar ƙwayoyin zarra ke sauya halin sinadaran ƙarfe masu gudanar da lantarki ba tare da turjiya ba.

Babban amfaninsa yana cikin baƙaƙen ƙwallayen nan masu huda huɗu, waɗanda kusurwarsu take digiri 109.5. Tun bayan da ƙungiyar Hideo Hosono ta Japan ta gano a 2008 cewa LaFeAsO, wani haɗin sinadarai mai ɗauke da ƙarfe da asenik, da aka sa wa fulorin yana rasa turjiya a Kelbin 26 (Kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga matuƙar sanyi), masu bincike suka lura cewa a wannan dangin, zafin da turjiya ke ɓacewa yakan fi hawa idan kusurwar da asenik biyu ke yi da ƙarfen da ke tsakaninsu ta kusanci wannan adadi. Saboda haka da ɗalibi ya ɗauki baƙar ƙwallo a matsayin ƙarfe, ya haɗa shimfiɗa guda, ya matse ta daga gefe da tafin hannu, sai ya ga kusurwar ta karkace, ƙwallayen sama da na ƙasa, masu wakiltar asenik ko seleniyam, kuma sun nisanta daga layin ƙarfen. Wannan nisa shi ne abin da zanen allo ya daɗe yana kasa isar mini da shi, alhali da shi ake bayyana abubuwa da dama: FeSe, haɗin ƙarfe da seleniyam, da ke rasa turjiya a wajen Kelbin 8 yana kai wa kusan 37 a ƙarƙashin matsi mai tsanani, siraran shimfiɗun Fe(Se,Te), wato FeSe da aka maye gurbin wani ɓangare na seleniyam ɗinsa da teluriyam, kuma da abin da aka ɗora su a kai ya matse sun kai Kelbin 21.

Sai dai babu ƙwallon da hudojinsa huɗu ke fuskantar ɓangare ɗaya, kuma irinsa seleniyam ke buƙata, don haka sai da na huda wasu da ƙusa mai zafi. Gajerun sandunan ma ba sa lanƙwasa, dogayen kaɗai ke aiki, su kuwa ba su da yawa.

Dole malami ya ja kunnen ɗalibai cewa hannu yana wuce gona da iri, domin karkacewar da saƙar FeSe ke yi da kanta idan aka sanyaya ta zuwa wajen Kelbin 90 ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Roba kuma ba za ta nuna dalilin da ya sa shimfiɗa ɗaya tak ta FeSe a kan SrTiO3, sinadarin da ake ɗora ta a kai, ta zarce sauran a zafin da turjiya ke ɓacewa ba, tunda ban da miƙewar saƙa akwai ƙarin ilektiron da ke shigowa daga ƙasa.

Malamin da zai koyar da wannan darasi ya sayi akwati biyu, don dogayen sandunan akwati ɗaya ba su isa shimfiɗa mai faɗi ba.